Yadda za ka gane ko fumfunar ɗaki ce ke sa maka ciwon kai, da abin da za ka yi

Idan marka ta zauna a watan Agusta, aka yi kwana uku ko huɗu rana ba ta fito sosai ba, akwai wani wari da ke tashi a ɗakuna wanda kusan kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba. Za ka ji shi a jikin tufafin da suka daɗe a sif, da ƙarƙashin katifa, da bayan labule, kuma idan ka ja kujera daga jikin bango sai ka tarar da ɗige-ɗige baƙaƙe ko kore-kore sun bazu a kan fenti. Wannan ita ce fumfuna. A irin wannan lokaci ne kuma mutane da yawa ke kukan cewa suna tashi da nauyin kai kowace safiya, sun sha maganin ciwon kai har sun gaji, ya lafa da rana ya dawo da dare. Tambayar da ke biyo baya ita ce ko fumfunar ce ke jawo ciwon, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, domin masu tsoratarwa sun yi yawa a kanta, masu rainawa ma haka.

Abin da masana suka tabbatar shi ne wannan. A shekarar 2004 wata babbar cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta tattara binciken da aka yi a kan gine-gine masu danshi, sannan a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata ƙa'idojin a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje. Dukkansu sun tsaya a kan cewa zama a gida mai danshi da fumfuna yana da alaƙa da toshewar hanci, da atishawa, da tari, da shessheƙar numfashi, da tashin asma ga masu ita. Game da cewa gubar fumfuna da aka shaƙa a iskar ɗaki tana taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye har ta haifar da ciwon kai ko mantuwa, ba a sami hujjar da ta isa a yanke hukunci da ita ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka baƙar fumfuna ta zuba maka guba a jini, kuma yana da maganin da zai wanke ta, ya faɗi abin da ilimi bai kai gare shi ba.

Amma wannan ba ya nufin fumfuna ta kuɓuta daga zargi. Tana iya kai mutum ga ciwon kai ta bayan gida, kuma hanyoyin sanannu ne. Fumfuna tana sakin ƙwayoyin irinta a iska, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, kuma wanda jikinsa ba ya jituwa da su idan ya shaƙa sai fatar cikin hancinsa ta kumbura. Kumburin yana toshe ƙofofin kogon hanci, wato ramukan da ke cikin ƙasusuwan fuska, na goshi da na kumatu da na tsakanin idanu, majina ta taru a ciki, mutum ya riƙa jin kamar an ɗora masa dutse a goshi, musamman idan ya sunkuya ko ya yi sujada. Hanya ta biyu ita ce barci: wanda hancinsa ya toshe yakan kwana yana numfashi da baki yana farkawa, kuma rashin isasshen barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon kai. Ta uku ita ce warin kansa, domin masu fama da ciwon ɓarin kai sun san yadda wari mai ƙarfi ke tayar musu da shi, ko na turare ne ko na fetur ko na ɗaki mai laima. Aikin da ke gabanka ke nan shi ne ka gano ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ce ke aiki a kanka, kuma akwai tsarin da ya kamata a bi.

Ka fara da abin da ke iya kisa

Kafin ka ɗora wa bango laifi, wajibi ne ka kawar da wasu abubuwa waɗanda jinkiri a kansu yake da haɗari, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tsallake wannan sashe. Na farko shi ne hayaƙin janareta da na gawayi. Duk abin da ke ƙona mai ko gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi, kuma alamarta ta farko ita ce ciwon kai, sai jiri, da tashin zuciya, da kasala. Da damina ne mutane suka fi shigar da janareta cikin zaure ko baranda ko ƙarƙashin bene don kada ruwa ya taɓa shi, su kuma rufe tagogi saboda sauro da feshin ruwa, wato daidai lokacin da fumfuna ke yawa. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna ciwon kai a lokaci guda, kuma suna samun sauƙi da zarar sun fita waje, ka fara zargin wannan iska tun kafin ka tuna da fumfuna. A fitar da janareta fili, nesa da ƙofa da taga da kimanin mita 6, kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kuma duk wanda ya ruɗe ko ya suma a fitar da shi iska a garzaya da shi asibiti. An sha wayar gari a sami iyali guda sun rasu a ɗaki ta wannan hanya.

Na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma damina ce lokacinsa. Ciwon kai da zafin jiki ko sanyi-sanyi yana bukatar gwajin jini, kuma gwajin ba ya cin lokaci. Na uku hawan jini ne: a auna, kuma idan awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, magana ta koma hannun likita. Mace mai ciki, musamman wadda cikinta ya wuce wata biyar, idan ta sami ciwon kai mai naci tare da kumburin fuska ko hannu ko ganin walƙiya-walƙiya, ta tafi asibiti a ranar, domin yana iya zama share fagen jijjiga.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko na dare ɗaya. Ciwon kan da ya sauko farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, wanda a ƙasarmu ke sa a tuna da sanƙarau, ko wanda ya zo da mutuwar hannu ko ƙafa ko karkacewar baki ko sarƙewar magana, ko ganin abu biyu-biyu, ko farfaɗiya, ko wanda ya biyo bayan buguwa a kai, duk waɗannan na asibiti ne nan take. Haka kuma sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, da ciwon da ke ƙaruwa mako bayan mako yana tare da amai da sassafe. Babu wankin bango da zai yi maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Ka riƙe littafi na mako huɗu

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗancan, sai a shiga bincike a natse. Ka sami ƙaramin littafi, ko ka yi amfani da wayarka, ka riƙa rubutawa kowace rana: ƙarfe nawa ciwon ya fara, a ina kake lokacin da ya fara, wane ɓangare na kai yake, yaya yanayinsa, awa nawa ya yi, me ka sha, kuma a wane ɗaki ka kwana. Ka ƙara da ko hancinka ya toshe, ko idanunka sun yi ƙaiƙayi, ko ka yi atishawa ko tari, da ko an yi ruwan sama. Mutane suna raina wannan mataki saboda sauƙinsa, alhali a ganina shi ne mafi amfani a cikin dukkan abin da zan faɗa, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin wannan lissafi daidai. Mai ciwo yakan tuna ranakun da suka dace da zarginsa ya manta da sauran.

Bayan mako huɗu sai ka zauna ka karanta abin da ka rubuta. Ciwon da ke da alaƙa da fumfuna yakan zo da rakiyar hanci da ido, yakan fi tsanani da asuba bayan an kwana a ɗakin, yakan sassauta idan an wuni a kasuwa ko ofis ko gona, yakan ƙaru a makon da aka yi marka, kuma sau da yawa yana tashi a ranar da aka kakkaɓe katifa ko aka buɗe tsohuwar akwati. Ciwon da ke bugawa kamar ganga a gefe ɗaya, ya ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3, ya zo da tashin zuciya da ƙin haske da ƙin hayaniya, ya fi kama da ciwon ɓarin kai. A nan akwai abin lura: shi ma ciwon ɓarin kai yana iya sa hanci ya toshe ido ya yi ruwa, kuma likitoci sun daɗe da gano cewa da yawa daga cikin masu cewa ciwon kogon hanci ke damunsu a haƙiƙa shi ne ke damunsu. Wanda kuma yake ji kamar an ɗaure masa kai da rawani mai tsauri, tun daga goshi har ƙeya da wuya, ya duba gajiya da damuwa da yawan kallon waya da ƙarancin shan ruwa.

Littafin zai kuma nuna maka wani abu da mutane ƙalilan suka sani, wato cewa maganin ciwon kai da kansa yana iya zama sanadin ciwon kai. Wanda yake shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata uku, ko yake shan irin gaurayayyun magungunan nan masu ɗauke da sinadarin kofi ko masu sa maye kwana 10 ko fiye a wata, kansa yakan saba da su, ya riƙa ciwo duk lokacin da ƙarfinsu ya sauka. Idan ka ƙirga ka ga ka kai wannan adadi, ka kai wa likita lissafin, domin ko da ka rushe ɗakin ka gina sabo ciwon ba zai tafi ba sai an warware wannan ƙulli.

Daga nan sai gwaji mafi sauƙi, wanda ba ya cin ko kwabo. Ka ƙaurace wa ɗakin da kake zargi na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, ka kwana a wani ɗaki busasshe ko a gidan ɗan'uwa, kuma kada ka tafi da matashin kai da bargon da ka saba, domin idan suna ɗauke da fumfuna ka tafi da abin da kake gudu ke nan. Ka ci gaba da rubutu. Idan ciwon ya ragu a fili, sannan ya dawo cikin kwana ɗaya ko biyu da komawarka, ɗakin yana da hannu a ciki. Sai dai ka yi adalci wajen hukunci, domin ɗaki ɗaya yana iya tara fumfuna da ƙurar tsohon kafet da kyankyasai da hayaƙin maganin sauro na kunnawa da turaren wuta, kuma kowannensu yana iya toshe hanci. Na sha ganin gidan da ake yawaita turaren wuta don a danne warin laima, a rufe ƙofa da taga don ƙamshin ya kama, ba tare da an lura cewa an haɗa wa mai ciwon abu biyu a wuri ɗaya ba.

Ka bi ruwan har inda ya fito

Fumfuna ba ta rayuwa sai da laima. Ƙwayoyin irinta suna ko'ina a iska, a ciki da waje, babu gidan da ya rasa su, kuma abin da suke jira kawai shi ne wuri mai danshi da ɗan abin ci kamar katako ko takarda ko yadi ko ƙurar da ta kwanta a kan fenti. Abin da ya jiƙe ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba ya isa su fara tsiro. Saboda haka idan ka ga fumfuna, abin nema shi ne ta ina ruwa ke shigowa.

Ka zaɓi ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka ɗauki tocila ka zagaya. Ka ɗaga kai ka dubi silin: tabo mai launin ƙasa-ƙasa kamar taswira, ko wurin da kwalin ya lotsa, yana nufin kwano na yoyo, kuma sau da yawa inda ruwan ke shiga ba daidai saman tabon yake ba, yakan bi katako ya gangara kafin ya ɗiga. Ƙusar da ta yi tsatsa, da mahaɗar kwano biyu, da inda rufi ya haɗu da bango, su ne wuraren da kafinta zai fara dubawa. A ginin ƙasa mai rufin soro ka dubi indararo, domin idan ya toshe ko ya karye ruwa yakan kwanta a kan rufin ko ya riƙa bin jikin bango, ka kuma dubi inda yaɓe ya zaizaye.

Sai ka sunkuya ka dubi gindin bango. Idan fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa kimanin gwiwa ko ƙugu, filasta tana marmashewa, to ruwa ne ke hawowa daga ƙasa, abin da ya yawaita a unguwannin da aka gina a kan tsofaffin kududdufai da fadamu, da gidajen da ba a shimfiɗa musu leda a kan tushe ba lokacin gini. Ka bambance fumfuna da farin gishirin da ke fitowa a irin wannan bango: gishirin yana da ƙyalli, yana murmushewa a yatsa kuma yana narkewa a ruwa, ita kuwa fumfuna tana da laushi ko santsi kuma tana da wari. Gishirin ba ya cutar da numfashi, amma shaida ce cewa bangon yana shan ruwa. Ka fita waje ka ga ko lambatu yana bin jikin ɗakin, ko rariyar tsakar gida ta toshe, ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu. Idan bangon da ke da tabon yana haɗe da banɗaki, ko akwai bututun famfo a cikinsa, kuma ba ya bushewa har da rani, mai gyaran famfo za ka kira.

Wuraren da aka fi mantawa su ne waɗanda iska ba ta kaiwa. Ka ja sif da gado da kujeru daga bango, ka ɗaga katifa, musamman wadda aka shimfiɗa kai tsaye a kan daɓen siminti, ka ɗaga gefen kafet da ledar ɗaki ka shinshina. Ɗakin amarya da aka cika da kaya bango zuwa bango, aka rufe kowace taga da labule mai nauyi ninki biyu, yana daga cikin wuraren da fumfuna ta fi samun sakewa. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya buɗe ta ya dubi ragar da ke tace iska da bututun da ke fitar da ruwa. Idan kuma ana ajiye buhunan masara ko gyaɗa a ɗakin kwana, a fitar da su, a kuma duba su da kyau, domin hatsin da ya yi fumfuna yana iya ɗaukar wata guba mai lalata hanta idan an ci. Wannan hatsarin ci ne, dabam da na shaƙa, kuma a 2004 ya kashe mutum sama da 100 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara.

Ba ka bukatar biyan kowa ya auna maka iskar ɗaki ko ya faɗa maka sunan irin fumfunar. Launinta ba ya nuna haɗarinta, baƙa ce ko kore ko fara, kuma matakin da za a ɗauka ɗaya ne. Idan kana son awo, ƙaramar na'urar auna danshin iska ta wadatar, kuma abin da ake so shi ne danshin ɗaki ya zauna ƙasa da kashi 60 cikin 100.

Gyara da sharewa

A tsayar da ruwa kafin a taɓa tabo. Wanda ya goge bango ya shafa sabon fenti alhali kwano na yoyo zai ga tabon ya dawo kafin damina ta fita, kuma fenti a kan fumfuna ba ya kashe ta, ɓarewa yake yi. A toshe yoyo, a yashe lambatu, a gyara indararo, a kuma yi wa gindin bango ta waje daɓe mai gangara don ruwa ya riƙa nisantar ginin. Masu ginin ƙasa tun da can suna sabunta yaɓe kafin saukar ruwa, suna kuma amfani da makuba don bango ya jure wa damina, kuma wannan al'ada tana nan da amfaninta.

Idan wurin da ya kamu bai wuce kimanin mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi ba, mutanen gida za su iya share shi da kansu, da sharaɗin kada mai ciwon ya zama shi ne mai aikin. Haka nan mai asma, da mai ciki, da yara, da tsofaffi, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su bar wurin har a gama iska ta ratsa. Mai aikin ya sa safar hannu ta roba, da tabarau mai kare ido, da takunkumi mai tacewa sosai irin N95, ya buɗe tagogi, ya rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. Kada a kankare busasshiyar fumfuna ko a share ta da tsintsiya, domin hakan yana watsa ƙwayoyin a iska. A jiƙa ta tukuna, a goge da buroshi da ruwan omo, a ɗauraye, sannan a busar da wurin sarai da fanka ko hasken rana. A kan tayil da siminti da ƙarfe ana iya bi da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, kofi ɗaya a cikin kimanin lita 4 na ruwa, ba fiye da haka ba. Kada a taɓa gauraya bilic da wani maganin wanke-wanke, musamman na wanke masai, domin haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu, kuma warin bilic shi kaɗai ya isa ya tayar wa mai ciwon ɓarin kai da ciwonsa.

Abin da ke tsotse ruwa kuwa, kamar kwalin silin da kafet da katifar soso da fumfuna ta ratsa cikinsu, wanki ba ya fitar da ita, sai dai a ƙulle a leda a fitar. Na san zubar da katifa ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani, don haka idan tabon a saman riga kawai yake, a cire rigar a wanke, a shanya sosan a rana mai zafi kwana biyu ko uku ana juyawa, sannan a shinshina. Idan warin yana nan, ta gama aiki. Tufafi da labule da zannuwan gado a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana har su bushe ƙayau kafin a ninke. Idan fumfunar ta mamaye bango guda, ko ruwan ambaliya ko na masai ne ya shiga ɗakin, aikin ya wuce na 'yan gida, yana bukatar magini ya sassaƙe filasta a bar bango ya bushe kafin a sake.

Bayan haka sai kiyayewa. A bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin kaya da bango, a ɗaga katifa a kan gado ko katako, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna duk ranar da rana ta fito, a sa musu raga don sauro kada ya zama dalilin rufe su, kuma a daina shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗakin kwana. Wanda yake gidan haya ya ɗauki hoton tabon da kwanan wata, ya sanar da mai gida ko wakilinsa a rubuce, domin yoyon rufi da bangon da ke shan ruwa gyaran gini ne. A garin Rocdel na Ingila wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Disambar 2020, kuma binciken da hukuma ta kammala a 2022 ya danganta mutuwarsa da daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan hayar da iyayensa suka yi ta kai kuka a kansa. Abin da ya kama shi numfashi ne, kuma wannan ya sa idan akwai ƙaramin yaro mai tari ko shessheƙa a ɗakin, maganarsa ta riga maganar ciwon kan babba.

Abin da za ka kai wa likita

Ciwon kan da ya kai kwana 15 a wata har wata uku ya zama na naci, kuma bai kamata a ci gaba da yi masa maganin kemis ba. Ka tafi da littafinka, da kwalayen duk magungunan da kake sha, da hoton bangon. Likita zai duba cikin hanci, ya auna jini, ya gwada gani, domin idon da ke bukatar tabarau shi ma yana sa ciwon goshi. Idan ya ga alamun rashin jituwar jiki da abin da ake shaƙa, yakan ba da ƙwayoyin rage atishawa da ƙaiƙayi, ko maganin feshi a hanci mai rage kumburi, wanda sai an yi kwanaki ana amfani da shi a kai a kai kafin a ga cikakken amfaninsa. Wannan dabam yake da feshin buɗe hanci nan take da ake saya a kemis, wanda idan aka wuce kwana biyar zuwa bakwai ana yi sai hancin ya ƙara toshewa fiye da da. Wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa ƙwarai: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, kuma tafasawar wajibi ce. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a nemi a tura ka wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Akwai mutanen da fumfuna ke iya kama jikinsu da gaske, ta tsiro a kogon hanci ko a huhu, kuma su ya kamata su gaya wa likita halin ɗakinsu tun a zuwan farko. Su ne masu ciwon suga da bai daidaita ba, da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da masu shan maganin daji ko magungunan danne garkuwa, da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka ya bar musu rami a huhu. Mai ciwon suga da ya ji ciwo a gefe ɗaya na fuska, tare da kumburin ido ko baƙin ɓawo a cikin hanci, kada ya kwana a gida.

Bayan an gyara ɗaki an share, ka ci gaba da rubutu na wasu makonni huɗu zuwa shida, domin kumburin hanci ba ya sauka a rana ɗaya. Idan ranakun ciwon sun ragu, ka sa a ranka cewa babban gyaran rufi da na gindin bango da rani ake yin sa, lokacin da gini ya bushe, kuma a kammala shi kafin ruwan farko na watan Mayu ko Yuni. Idan kuma ɗaki ya bushe, wari ya tafi, hanci ya buɗe, amma kai bai daina ciwo ba, ka koma wurin likita da littattafan biyu, na kafin gyara da na bayansa, domin a nemi sanadin a wani wuri.